Ba Ni Ruwa

Kwana uku bayan ƙaramar Sallar shekarar 2020, muna zaune a tsakar gidanmu da ke Fagge bayan sallar isha'i, babu wuta, babu kuma inda za a je saboda dokar kullen korona, sai na lura babban ɗana da autata sun haɗa kai a kan wayar hannu, sun yi tsit. Shirun yara ba ya zama banza. Na miƙa hannu na karɓi wayar. Abin da na gani duniya duka ta gan shi a makon nan: wani baƙar fata kwance a kan kwalta a birnin Minneapolis na Amurka, hannuwansa cikin ankwa, ɗan sanda farar fata ya danne masa wuya da gwiwa fiye da minti tara, har rai ya yi halinsa. Sunansa George Floyd, shekarunsa 46, abin da ake zarginsa a kai kuwa takardar dala 20 ce da aka ce ta jabu ce.

"Abba, me ya yi musu?" in ji Auta, wadda a lokacin shekarunta tara.

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, tambaya irin wannan kuwa abincina ce. Na gyara zama, na faro daga jiragen ruwan da suka kwashi bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, na biyo ta gonakin auduga da dokokin wariyar launin fata, na ratsa ta Afirka ta Kudu da shekara 27 da Mandela ya yi a kurkuku. Na gaya musu cewa a can iyaye baƙar fata kan zaunar da 'ya'yansu da zarar sun fara tasawa, su koya musu yadda za su yi idan ɗan sanda ya tare su, domin su dawo gida da ransu. Na rufe da cewa mu gode wa Allah, mu nan duk fatarmu ɗaya ce. Na kwanta a daren nan ina jin na sauke nauyin da ke kan uba.

Ba a yi mako biyu ba janareton gidan ya ƙi tashi. Na kira babban na ce, "Ungo, maza je shagon Inyamurin nan ka sayo filogi." Auta tana bakin rijiya tana wanke-wanke. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Abba, shi ba shi da suna ne?" Na yi dariya na ce haka kowa ke kiransa. Ta ce, "To mene ne ma'anar Inyamuri?"

Na san amsar. An ce kalmar ta samo asali ne daga yadda kunnen Bahaushe ya ji mutumin Ibo yana roƙon a ba shi ruwa da harshensa. Wato mutum ya zo mana da ƙishirwa, ya nemi ruwa, muka mai da roƙonsa laƙabin da za mu riƙa kiransa da shi, shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Da yawanmu ba da nufin zagi muke faɗa ba, haka muka buɗi ido muka ji. Amma ni ma na san yadda cikina ke juyawa idan aka ce mini "aboki" a Legas, da muryar da babu abota a cikinta. Na ce wa yarinyar ta ƙarasa aikinta. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wanda bai san Kano ba zai ɗauka tsakanin Fagge da Sabon Gari tafiya ce. Mai sauri kuwa zai taka daga Wapa zuwa France Road kafin shayinsa ya huce. Abin da ya fi ba ni kunya, a matsayina na mai koyar da tarihi, shi ne unguwannin biyu duk masaukin baƙi ne. Fagge a bayan ganuwa take, zangon fatake ce tun zamanin ayarin raƙuma, inda Buzaye da sauran baƙi kan sauke kaya. Sabon Gari kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka yanka ta a wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin akawuna da leburori da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga Kudu, aka kuma ware su da gangan daga mutanen birni. Tsohon baƙo da sabon baƙo aka ajiye kafaɗa da kafaɗa, sai tsohon ya manta yadda ya zo.

A kan iyakar nan jini ya sha zuba. A watan Mayun 1953, lokacin da tawagar jam'iyyar AG ƙarƙashin S. L. Akintola ta zo Kano kan batun neman mulkin kai a 1956, an yi kwana huɗu ana ɗauki ba daɗi tsakanin Fagge da Sabon Gari, alƙaluman hukuma suka ce mutum 36 sun mutu. A 1966 aka yi abin da tsofaffinmu ke kira araba, wanda ya fi na baya muni nesa ba kusa ba, har Sabon Gari ta kusa zama kufai. A Oktoban 1991 aka sake, kan zuwan mai wa'azin Kirista ɗan ƙasar Jamus, Reinhard Bonnke. Wannan kam da idona na gani, ina ɗan shekara 16. Na bi ayarin samari har bakin titi, riƙe da guntun katako. Ban san wanda zan buga ba, na dai san laƙabin da ake kiransu da shi. Mahaifina, tela mai sanyin hali wanda bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ya cim mini, ya shaƙi wuyan rigata, ya kwaɗa mini mari a bainar jama'a. Yana jana zuwa gida yana cewa, "Gidan nan ba zai ɗauki kaya biyu ba." Sai bayan shekaru masu yawa na gane maganar.

Duk wannan na sha koyar da shi a aji, da alli da allo. A gida kuwa ban taɓa buɗe baki ba. Labarin Amurka ya fi daɗin bayarwa, domin a cikinsa masu kama da mu ne aka zalunta.

A watan Oktoban 2020 matasa suka fito a biranen ƙasar nan suna neman a rushe rundunar SARS. Aka sanar da rushe ta ranar 11 ga wata, amma zanga-zangar ba ta tsaya ba. Mu a majalisarmu ta ƙofar gida tun da wuri muka yanke hukunci: rigimar 'yan Kudu ce, masu damfara ta intanet ne ke kare sana'arsu, mu 'yan bindiga ne damuwarmu. Ranar Talata 20 ga Oktoba, ranar da aka yi harbin Lekki a Legas, zanga-zangar da aka yi a gefen Sabon Gari ta rikiɗe, 'yan daba suka shiga, aka ƙone motoci, aka fasa shaguna. Kwana biyu bayan haka, ɗana bai dawo gida ba.

Ashe tun sayen filogin nan ya ƙulla abota da ɗan mai shagon, sa'ansa ne, kuma ƙungiyar ƙwallo ɗaya suke goyon baya. Suna fitowa daga gidan kallo da daddare wata mota ta tsaya, aka yi kamen kan mai uwa da wabi. Sai wajen ƙarfe ɗayan dare, bayan na zaga wurare uku, na gano suna wani caji ofis. Ba a bari na ga yaron ba, sunansa kawai aka tabbatar mini, aka ce in dawo da safe. Na kasa komawa in haɗa ido da uwarsa. Na nufi wani benci da ke waje, na tarar da mutum a kai ya haɗa kai da gwiwa. Mai shagon ne.

A bencin nan muka kwana. Da Hausar da ta fi ta wasu ɗalibaina ya gaya mini a Sabon Gari aka haife shi, bayan iyayensa sun dawo daga gudun yaƙi. Ƙauyensu sai Kirsimeti yake ganinsa, can ma ɗan Hausa suke ce masa. Ya tuna mini da matasa shida na Apo, akasarinsu 'yan kasuwa 'yan ƙabilarsa, waɗanda 'yan sanda suka kashe a Abuja a watan Yunin 2005 aka ce 'yan fashi ne, sai a Maris 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin jami'an hukuncin kisa. "Malam," in ji shi, "kusan shekara goma sha biyu fa. Ni ba shari'a nake so ba, yarona nake so." Can tsakar dare ya tashi, ya samo ruwan leda biyu a wurin mai shayi, ya miƙo mini ɗaya. Na karɓa hannuna yana rawa. A nan na tambaye shi sunansa, bayan shekara goma sha ɗaya ina ciniki a shagonsa.

Da hantsi aka fito da su. An rubuta a bango cewa beli kyauta ne. A ƙarƙashin rubutun muka ƙirga kuɗi, kowa ya biya na ɗansa. Nawa ya fito da kumburarren leɓe, da shatar kulki a gadon baya, an yi masa askin wulaƙanci da almakashi. Kwana biyu bai ce uffan ba. A na uku ya ba da labari. Shi da aka ga askinsa aka ce ɗan daba ne, ɗan ƙwaya. Abokinsa da aka ji sunansa aka ga wayarsa aka ce ɗan damfara ne. Babu wanda aka tambaya me ya yi. Kowa an riga an tanadar masa laifin da ya dace da irinsa. "Abba," ya ce, "mun kai talatin a ɗakin. Abu ɗaya kowa ke roƙo har gari ya waye, da Hausa, da Turanci, da yaren da ban sani ba. Ruwa."

A daren nan na shimfiɗa tabarma na tara su duka, har da uwarsu da mahaifiyata. Zaman da na ba su labarin ana yi a Amurka, ga shi ina yinsa a Fagge, wata biyar kacal bayan na ce mu gode wa Allah.

Na fara da abin da zai tsare rai. In an tare ka kada ka gudu, ko kana da gaskiya, domin gudu shi ke kiran harsashi. Hannuwanka su zauna a fili, kada ka kai su aljihu sai ka faɗa. Ka yi ƙasa da murya, ka ce "ranka ya daɗe" ko da sa'an yayanka ne. Ka haddace lambata da ta kawunka, domin waya ita ake fara karɓewa. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Ka riƙe fuska da wuri da lokaci a ranka, ƙara sai an dawo gida. Ina faɗa bakina yana ɗaci, domin ina koya wa ɗana ya sunkuyar da kai ne a gaban wanda aka ɗauka aiki don ya tsare shi.

Sannan na gaya musu abin da doka ta ce, don kada su zaci sunkuyawar ita ce gaskiya. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, matuƙar akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko asalinsa. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Ita kuwa Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda aka sa wa hannu wata guda kafin a kama shi, cewa ta yi launin fata da shekaru da aski da sutura ba hujjar zargin mutum ba ne.

"To Abba, in haka ne, don me ka biya?"

Na ce, "Don na ji tsoro." Ba ni da wata amsa, ban kuma ƙirƙiro ba. Na ƙara da cewa kuɗin da na biya su za su sa a kama ɗan wani gobe, kuma na san haka tun ina ƙirga su.

Uwarsu ce ta hana zancen komawa ƙiyayya. Ta tuna wa babban da kofur ɗin da ya yi haya a layinmu, mai raba wa yara alewa, wanda ya fita aiki ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, ranar da Boko Haram suka far wa ofisoshin 'yan sanda a Kano aka rasa rayuka fiye da 180, bai dawo ba. Ta ce, "In ka ce duk 'yan sanda azzalumai ne, me ya raba ka da wanda ya kalli askinka ya ce duk masu irinsa 'yan daba ne?" A bakinta na ji abin da na kasa haɗawa da kaina. Wanda ya doki ɗana ba daga sama ya faɗo ba. A wani gida aka haife shi, a kan wata tabarma ya tashi yana jin manya suna kiran mutane da laƙabin jinsi maimakon sunan yanka. Kaki da bindiga kawai aka ƙara masa. Ko iƙirarina na cewa fatarmu ɗaya ce, Auta ta rushe shi a zaman nan: don me gwaggonta ke ce mata baƙa kamar bayan tukunya, don me ake cewa fara ko mayya ce, don me man bilicin ya cika kantuna?

Sai na waiwaya ga abin da ke lulluɓe da zane a kusurwar zaure, wato keken ɗinkin mahaifina, baƙin Singer mai takawa da ƙafa. Mahaifiyata ta gane inda na dosa. Ta ce, "Kai dai ba ka jin magana. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ka bar mamaci ya huta." Na ce, "Hajiya, shi ya ce in faɗa musu in sun yi hankali." Ta ja mayafinta ta yi shiru, amma ba ta tashi ba.

A jinyarsa ta ajali ya gaya mini. A Oktoban 1966 yana yaron tela ɗan shekara 19, ko allurar kansa ba shi da ita. Bayan ƙura ta lafa ya shiga Sabon Gari, ya tarar da wani shago a ɓalle, ga rigar makaranta ta yarinya a ƙarƙashin allura, an haɗa hannu ɗaya ba a ƙarasa ɗayan ba. Ya zare rigar ya ajiye a gefe, ya samo amalanke ya ɗora keken. Bai kashe kowa ba, bai doki kowa ba. Sau uku ya maimaita mini haka. Da keken nan ya yi aure, ya gina ɗaki, ya biya kuɗin karatuna. Da aka gama yaƙi a Janairun 1970 mutane suka fara dawowa, ya shiga zaga layin nan shekara da shekaru yana cigiyar mai shagon. Babu wanda ya zo ya ce nasa ne. Kayan farko ke nan da yake nufi ranar da ya mare ni.

Yaran suka yi jugum, domin kakansu a wurinsu waliyyi ne. Babban ya ce, "Ke nan karatunka na haram ne?" Na ce na kai tambayar gaban malamai, aka ce a kimanta kuɗin keken a yi sadaka da niyyar mai shi, kuma an yi, amma sadaka ba ta goge labari. Auta ta ce, "Yarinyar mai rigar fa?" Ba wanda ya tanka. Can sai ga muryar Hajiya daga cikin mayafi: "Kakanku har ya koma ga Allah bai taɓa karɓar ɗinkin rigar makaranta ba. Ko na ubanku wani tela yake kai wa."

Ba zan ce zaman dare ɗaya ya gyara gidana ba. Harshe ya fi hannu wuyar horo. Kalmar ta sha kuɓuce mini, Auta tana ƙirga mini. Jarrabawar gaske ta zo ne a ƙarshen Maris 2025, cikin azumi, lokacin da aka tare mafarauta 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar dawowa gida Sallah daga Fatakwal. Aka ga bindigogin farauta, aka ji harshensu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu aka cinna musu wuta. A layinmu ba a maganar komai sai ramuwa. Ɗana, wanda yanzu ɗalibin jami'a ne, ya shigo idanunsa jawur ya ce, "Ka gani ko, Abba? Su haka suke."

Na ce, "Su wa?"

Uromi ba ma ƙasar Ibo ba ce, ta mutanen Esan ce, amma a bakinmu duk wanda ya fito daga Kudu laƙabinsa ɗaya. Bai amsa mini ba, ya shige ɗaki. Sai bayan an sha ruwa ya fito yana gyara hula, ya ce zai je shagon. Gabana ya faɗi. Na ce me zai yi a can. Ya ce, "Ba komai. Zama kawai zan yi a bakin ƙofa, a gan ni."

Na so in hana shi. Hanyar da mahaifina ya janyo ni daga kanta ita ce ɗana zai bi, kuma babu dokar da na karanta masa da za ta tsaya tsakaninsa da dutse ko kulki. Uwarsa ba ta ce komai ba, ta ɗauko gorar ruwan sanyi daga cikin kula ta miƙa masa. Na tsaya a zaure kusa da keken ina sauraron takunsa har ya sha kwana. Sannan na zura takalmana na bi bayansa.